Sharuɗɗan Shiga Digirin Aikin Jinya Ga Ma'aikatan Lafiya Masu Lasisi

1.0 Gabatarwa

Masu iya magana na cewa, matambayi ba ya ɓata. A kowace shekara idan jami'o'in Nijeriya suka fitar da tallar ɗaukar ɗalibai, akan sami ma'aikatan lafiya da dama waɗanda suka daɗe suna aiki a asibitoci, masu sha'awar komawa makaranta domin yin digiri a fannin aikin jinya. Wasu daga cikinsu sukan ɗauka cewa lasisin da ke hannunsu ya wadatar. Sai sun sayi fom, sun kashe kuɗin mota, sun isa wurin tantancewa, sannan a mayar da su gida saboda kalma ɗaya da ba su lura da ita ba a cikin tallar. Shekara guda ta tafi a banza ke nan.

Da yake mu ɗaliban harshe ne, kuma mu ne yayyenmu da iyayenmu kan miƙo wa irin wannan talla su ce a duba musu, ya kamata mu san abin da kalmominta suke nufi. Wannan maƙala za ta bi waɗannan sharuɗɗa ɗaya bayan ɗaya, ta nuna cewa lasisi yana rage wa mai shi tsawon tafiya, amma ba ya ɗauke masa sauran sharuɗɗan.

2.0 Taƙaitaccen Tarihi

Karatun digiri a fannin jinya ya fara a Nijeriya ne a Jami'ar Ibadan a shekarar 1965. Waɗanda aka fara ɗauka ma'aikatan jinya ne masu rajista, aka horar da su domin su zama malamai a makarantun jinya da kuma shugabanni a asibitoci. Wato dai tun asali masu lasisi aka fara buɗe wa wannan ƙofa.

Hukumar da ke lura da wannan sana'a ita ce Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Nijeriya, wadda aka kafa da doka mai lamba 89 ta shekarar 1979. Ita ce ke shirya jarrabawar ƙwarewa, ta yi wa wanda ya ci rajista, ta kuma ba shi lasisin yin aiki. Shiga jami'a kuwa yana hannun hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978, tare da ita jami'ar da ake nema. Saboda haka mai neman gurbi yana da ɓangarori uku da zai gamsar, kuma kowanne da abin da yake dubawa.

3.0 Hanyoyin Shiga

Hanyoyi biyu ne fitattu. Ta farko ita ce ta jarrabawar UTME, wadda ɗalibin da ya gama sakandare ke bi. Wannan zai fara daga aji ɗaya na jami'a, ya shekara biyar. Ta biyu ita ce shiga kai tsaye, wadda nas mai rajista ke bi. Shi daga aji biyu zai fara, ya shekara huɗu. Ribar lasisi a nan ita ce an yafe masa jarrabawar UTME, an kuma rage masa shekara guda.

Har ila yau akwai Buɗaɗɗiyar Jami'ar Nijeriya, wato NOUN, wadda digirinta na jinya na ma'aikatan jinya masu rajista ne. Tsarinta ya dace da wanda ba zai iya barin wurin aikinsa ba.

4.0 Sharuɗɗan

4.1 Rajista

Sharaɗi na farko shi ne mutum ya kasance nas mai rajista, wanda ake taƙaitawa da RN. Mai wannan matsayi shi ne wanda ya kammala cikakken karatun jinya a makarantar da hukumar ta amince da ita, ya ci jarrabawar hukumar, aka sa sunansa a kundinta.

A nan ne ake yawan samun ruɗani, domin a maganar yau da kullum duk wanda ya sa fararen kaya a asibiti nas ake kiransa. A wurin jami'a kuwa ba haka abin yake ba. Jami'in kiwon lafiyar al'umma, wanda aka fi sani da CHEW, yana da lasisinsa, amma wata hukuma ce daban ta ba shi, wato hukumar yi wa ma'aikatan lafiyar al'umma rajista. Haka ma mai aikin ɗakin gwaje-gwaje da mai haɗa magunguna, kowa da hukumarsa. Lasisin wata hukuma ba ya zama a madadin rajistar nas. Ita ma ungozoma mai rajista, wato RM, sai ta duba da kyau, domin akwai jami'o'in da RN kaɗai suke ambatawa a tallarsu.

4.2 Lasisi Mai Rai

Rajista daban, lasisi daban. Rajista sau ɗaya ake yin ta, lasisi kuwa yana da wa'adi, ana sabunta shi idan wa'adin ya ƙare. Kafin a sabunta wa ma'aikaci, sai ya nuna shaidar halartar kwas ɗin ƙara wa juna sani da hukumar ta wajabta. Idan talla ta ce ana neman lasisin da ke aiki a halin yanzu, to wanda wa'adin nasa ya ƙare bai cika sharaɗi ba, ko da ya shekara ashirin yana duba marasa lafiya. Tun da sabuntawa tana ɗaukar lokaci, hikima ita ce a fara ta tun kafin a soma sayar da fom.

4.3 Sakamakon Sakandare

Wannan sharaɗi ya fi kowanne kayar da tsofaffin ma'aikata. Ana neman kiredit biyar a jarrabawar WAEC ko NECO a darussan Turanci da Lissafi da Fiziks da Kemistiri da Bayoloji. Kiredit yana farawa ne daga A1 ya tsaya a C6. Sakamakon D7 da E8 ci ne, amma bai kai kiredit ba. Saboda haka idan wani ya ce ya ci Fiziks, sai a tambaye shi, da wane maki?

Kalma ta biyu da za a lura da ita ita ce zama. Yawanci akan ce kada ya wuce zama biyu, wato takardun sakamako biyu kawai za a haɗa a fitar da kiredit biyar ɗin. Wasu jami'o'in ma zama ɗaya suke nema.

Ga misali. Wata nas ta sami kiredit a Turanci da Bayoloji da Kemistiri a zamanta na farko. A zama na biyu ta sami Lissafi. Saura Fiziks. Idan ta sake zama ta mayar da hankali kan Fiziks kaɗai, takardunta sun zama uku, ba za a karɓa ba. Abin da ya kamace ta shi ne ta ci Lissafi da Fiziks tare a sabon zaman, ta ajiye takarda ta biyu a gefe, ta haɗa ta farko da ta uku. WAEC da NECO duka suna shirya jarrabawa ta musamman ga waɗanda ba sa makaranta, don haka ƙofar gyara a buɗe take.

4.4 Fom ɗin JAMB da Tantancewar Jami'a

An yafe wa mai shiga kai tsaye jarrabawar UTME, amma ba a yafe masa fom ba. Zai sayi fom ɗin shiga kai tsaye na JAMB, kuma tun daga shekarar 2021 ba a yin rajista da hukumar sai da lambar shaidar ɗan ƙasa, wato NIN. Bayan wannan sai jami'ar ta kira masu nema domin tantancewa. Wasu jami'o'in takardu kaɗai suke dubawa, wasu kuma sukan ƙara da jarrabawa ko ganawa. Akan kuma buƙaci makarantar jinyar da mutum ya gama ta aiko da cikakken bayanin sakamakonsa.

Ya kamata mai karatu ya sani cewa cika sharaɗi ba ya nufin samun gurbi. Kowace jami'a tana da adadin ɗaliban jinya da aka ƙayyade mata, kuma masu nema sun fi guraben yawa.

4.5 Daidaiton Suna

Wannan ya shafe mu kai tsaye a matsayinmu na masu nazarin ƙa'idojin rubutu. Suna ɗaya na Hausa yakan zo da rubutu iri-iri: Hauwa da Hauwa'u, A'isha da Aishatu, Muhammad da Mohammed. Wata ta yi sakandare da sunan mahaifinta, ta yi rajistar nas da sunan mijinta. Wani ya yi amfani da sunan garinsu a takarda ɗaya, ya bar shi a ɗaya. A gida duk mutum ɗaya ne, amma a wurin mai tantancewa da kwamfutarsa mutum biyu ne. Sai a jera takardar sakandare da lasisi da katin ɗan ƙasa a duba su harafi bayan harafi, haka ma ranar haihuwa. Idan an sami saɓani, a nemi takardar rantsuwa daga kotu, a kuma bi hanyar gyara ta hukumar da abin ya shafa tun da wuri.

4.6 Izinin Wurin Aiki

Wannan ba sharaɗin JAMB ba ne, amma yana iya hana karatu. Ma'aikacin gwamnati da ya tafi karatu ba tare da an ba shi hutun ƙaro ilimi a rubuce ba, yana iya rasa albashinsa, ko ma aikin baki ɗaya. Kada garin neman gira a rasa ido.

5.0 Kammalawa

Mun ga cewa nas mai neman digiri yana buƙatar rajista, da lasisi mai rai, da kiredit biyar a zaman da bai wuce biyu ba, da fom ɗin JAMB, da suna iri ɗaya a duk takardunsa, da kuma izinin wurin aiki. Wahalar ba ta banza ba ce, domin digiri ne ke buɗe hanyar digiri na biyu da koyarwa a jami'a da manyan muƙamai a aikin gwamnati. Kowace jami'a tana iya ƙara nata sharaɗin, saboda haka tallarta ta shekarar da ake ciki da kundin JAMB su ne abin dogaro, ba jita-jitar ɗakin hutun ma'aikata ba.

6.0 Aiki

1. Bayyana bambancin da ke tsakanin rajista da lasisi cikin jimloli uku.
2. Wani ma'aikaci yana da C5 a Turanci, C6 a Lissafi, B3 a Bayoloji, C4 a Kemistiri da D7 a Fiziks, duk a zama ɗaya. Wace shawara za ka ba shi?
3. Samo tallar ɗaukar ɗalibai ta wata jami'a, ka fassara sashen sharuɗɗanta zuwa Hausa yadda wanda bai yi boko mai zurfi ba zai fahimta.