Gidaje Masu Siffar Dabbobi a Bakin Hanyar Mota

Matafiyin da ya ke tafe a ƙasa yana da sukunin duba kowace rumfa, har ya yi tayi. Amma direban da ya ke gudun mil hamsin a sa'a ɗaya, kafin ya karanta allon mai kanti ya riga ya wuce. To, ƙaƙa mai kanti zai tsai da shi? Dabarar da waɗansu 'yan kasuwa na Amurka suka yi ita ce, su gina kantin kansa da siffar wani abu mai ban mamaki, wanda ido zai hango tun daga nesa.

Dabarar ma ta girmi mota. A farkon shekarun 1880 wani mai sayar da filaye, James Lafferty, ya gina giwa ta katako da kwano a gaɓar teku, a garin da yanzu a ke kira Margate, cikin jihar New Jersey. Tsayinta ƙafa 65, matakala kuwa tana cikin ƙafarta ta baya. Mai son fili sai a hau da shi can bisa bayan giwar, ya hango wanda ya ke so. Sunanta Lucy. Ta lalace ƙwarai har aka yi niyyar rushe ta, sai mutanen garin suka tara kuɗi, suka matsar da ita wani fili a 1970, suka gyara.

A 1931 wani mai kiwon agwagi, Martin Maurer, ya gina kanti mai siffar farar agwagwa a Long Island, tsayi ƙafa 20, idanunta fitilun bayan mota ne ƙirar Ford. A lokacin, ciki a ke sayar da agwagi da ƙwai. Ku lura, wannan ya fi na giwa hikima, gama ginin shi ne allon: ko wanda bai iya karatu ba ya san abin da a ke sayarwa. Tun 1972 masanan gini su kan kira kowane gini irin wannan "agwagwa". Mutanen Ostareliya ma sun ɗauka: a 1964 suka yi ƙatuwar ayaba a Coffs Harbour.

Sai dai arzikin irin waɗannan wurare a hannun hanya ya ke. A 1956 gwamnatin Amurka ta yi dokar gina manyan hanyoyi waɗanda su ke kewaye garuruwa, ba a tsayawa a kansu sai a wuraren da aka keɓe. Motoci suka bar tsofaffin hanyoyi kamar Hanya ta 66, wadda aka soke lambarta a 1985. Masaukai da gidajen abinci da yawa suka rufe.

Malamin da zai koyar da wannan a darasin labarin ƙasa, ya sa yara su zana hanyar garinsu, su nuna inda motoci su ke tsayawa da inda masu talla su ke zama. Sa'an nan ya ja sabuwar hanya ta bayan gari, ya tambaye su wa zai fara tashi.