Amsoshin Tambayoyinku: Ta Yaya Mazauna Gumel Za Su Gyara Garinsu?

Shawarwarin gyara garin Gumel, a arewacin Jigawa, sun fi karkata ga abubuwa uku. Na farko shi ne dashen itatuwa, musamman darbejiya, domin masarautar Gumel tana maƙwabtaka da Nijar, kuma hamada na matsowa. Shukar kan buƙaci kariya daga awaki, da kuma ban-ruwa har ta kafu. Na biyu, aikin gayya: matasan unguwa su yashe magudanan ruwa kafin damina, su kwashe ledojin da ke toshe su. Na uku, gyaran hanyoyin da manoman Gagarawa da Sule Tankarkar ke bi zuwa kasuwar Maigatari, wadda ke ci ranar Alhamis. Masu unguwanni ke tattara irin waɗannan koke-koke zuwa ga hakimi da ƙaramar hukuma.