Tabon hawaye a fuskar farin kare: ga abin da za ka duba

Wata Alhamis da hantsi, kasuwar Maigatari ta cika ta batse, wani mafarauci daga wajen Sule Tankarkar ya tare ni a gefen kara yana janye da farar karya, siririya mai dogayen ƙafafu. Bayan mun gaisa ya ce, "Likita, don Allah duba mini fuskar nan." Daga lungun kowane ido wani jan zane ya gangaro ta gefen hanci, kamar an ɗiga mata ruwan goro ya bushe. Ya wanke da omo, ya goga lemun tsami, har bula ya shafa, amma ba a kwana uku sai zanen ya dawo. Abokan farautarsa kuma sun ce masa jini take kuka.

Ba jini ba ne. A cikin hawayen kare da yawunsa akwai wani sinadari mai ɗauke da ƙarfe, wanda jiki ke fitarwa idan tsofaffin ƙwayoyin jini sun ƙare aikinsu. Masana na kiransa fofirin. Idan hawaye ya daɗe yana jiƙa gashi, rana kuma ta buge shi, sai ya rine ya koma ja-ja kamar tsatsa. Baƙin kare ma yana yi, gashinsa ne ke rufa masa asiri. Masu kiwon farin Balami sun san irin wannan zane a fuskar ragunansu.

To, tabon kansa ba ya ciwo. Abin da ya dame ni shi ne dalilin da ya sa hawayen ke malalowa waje. A lungun ido akwai wata 'yar siririyar hanya da ke kwashe hawaye zuwa cikin hanci, shi ya sa mai kuka yake jan majina. Hawaye na zubowa kan fuska ne in ya yi yawa har ya fi ƙarfin hanyar, ko kuma hanyar ta toshe.

A ƙasarmu ta Gumel, abin da ya fi jawo yawan hawaye shi ne ƙura da ƙaiƙayi. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu na kwaso ƙura daga hamada, lokacin kuma ana sussukar gero, ga rairayi ko'ina. Sannan farauta ta kankama, kare na kutsa kai cikin busasshiyar ciyawa. Karyar mutumin nan, da muka ɗaure mata baki da tsumma na ɗaga fatar idonta na hagu a hankali, sai ga ɗan tsinken karangiya a maƙale, yana gogar ƙwayar ido duk ƙiftawa. Mafaraucin ya yi shiru, sannan ya ce, "Ashe ni gashi nake ta wankewa." Wani karen kuma haihuwarsa aka yi fatar idon ta lanƙwashe ciki, gashin ido na sukar sa dare da rana. Wannan sai ƙaramar tiyata, babu maganin ɗigawa da zai gyara shi.

Idan idon garau yake, babu ja, babu kumburi, hawayen kuma tsararo ne kamar ruwa, aikin na gida ne. Ka tafasa rabin lita na ruwa, wato cikin ledar fiya wata ɗaya, ka zuba gishiri ƙaramin cokalin shayi guda ba tare da tozo ba, ka bar shi ya huce. Ka tsoma auduga ko tsumma mai tsabta ka share daga lungun ido zuwa ƙasa, safe da yamma, kowane ido da nasa tsumman. Ka tsane wurin sosai, domin danshi ne ke gayyato ƙwayoyin cuta har wurin ya yi duhu ya fara wari. Ranar da aka dawo daga daji, kafin a ba kare abinci a duba idanunsa da kunnuwansa da tsakanin yatsunsa, a cire karangiya da kaska. A sauya masa makwanci idan kusa da murhu ko masussuka yake. In ka gama, ka wanke hannunka da sabulu. Tsohon tabo ba ya fita duka da wanki, sai sabon gashi ya tsiro ya ture shi, kuma hakan na ɗaukar makonni. Ka yi haƙuri da shi.

Ina roƙon masu karnuka su daina sa omo, bula, lemun tsami, kwalli ko ruwan taba kusa da ido. Kowannensu na ƙara hawayen da ake son tsayarwa, wasu ma suna ƙona ƙwayar idon. Haka kuma ragowar maganin ɗigawa na mutane. Da yawansu na ɗauke da sinadarin rage kumburi, wanda in akwai ƙarzuwa a ƙwayar ido zai zurfafa gyambon har idon ya fashe. Akwai kuma masu ba kare tailosin, maganin nan na kaji, wai yana goge tabo. A shekarar 2014 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta gargaɗi kamfanonin da ke sayar da magungunan goge tabon hawaye masu ɗauke da shi, saboda ba a amince da shi don wannan aikin ba. Ɗura wa dabba maganin kashe ƙwayoyin cuta don kwalliyar gashi koya wa cuta taurin kai ne, ranar da ake buƙatarsa da gaske ba zai yi aiki ba.

Amma akwai alamun da ba a kwana da su. Idan kare na runtse ido ɗaya, yana sosa shi da ƙafa, yana gudun haske, ko wata farar yana ta bayyana a kan ƙwayar, a nufi asibitin dabbobi ranar. Likita zai ɗiga wani rini da ke nuna ƙarzuwa da launin kore, in rinin ya ɓullo ta hanci kuma an san hanyar hawaye a buɗe take. Idan kwantsa ce mai kauri, rawaya ko kore, a ido biyu, ga majina, tari da ƙin abinci, musamman ga kwikwiyo, ana zargin cutar nan ta distemfa mai saurin yaɗuwa tsakanin karnuka. A ware shi nan take, kada ya sha a kwano ɗaya da sauran. Tana da allurar rigakafi, kuma rigakafin ya fi maganinta sauƙi nesa ba kusa ba.

Kare kuwa da halinsa ya sauya farat ɗaya, yana dalalar da yawu, yana kai cizo ba dalili, ciwon hauka ake zargi, kada kowa ya kai hannu fuskarsa da sunan duba ido. A nisanta yara, a sanar da ma'aikatan dabbobi.

Sarakunan baka na Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar, kafin a buga gangar fita farautar bana, ku tara karnukan jama'arku a kai su a duba musu ido, a yi musu allurar ciwon hauka da ta distemfa a tafiya ɗaya.