Yadda ɗan ci-rani zai ajiye aiki idan ubangida ya ce sai ya biya kuɗi

Da an kawar da amfanin gona, samarin Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa kan hau mota a Kwanar Dangora su nufi Abuja ko Legas ko Fatakwal, wasu gadi, wasu leburanci. Rigimar takan taso ne gab da damina, lokacin komawa gona: ubangida ya ce ba inda za ka sai ka biya kuɗin motar da ta kawo ka, da na kwana, da na ɓata masa lokaci. A cikin wannan lissafi akwai bashi, akwai tara. Bashi wajibi ne ka biya, tara kuwa ba shi da ikon ɗora maka ita.

Da farko ka ba da notis, kada ka sulale da dare, domin wanda ya sulale shi ake laƙa wa sata. Sashe na 11 na Dokar Ƙwadago ta Najeriya ya yanke wa'adin: kwana ɗaya idan aikin bai wuce wata uku ba, mako ɗaya idan ya haura haka amma bai kai shekara biyu ba, mako biyu daga shekara biyu, wata guda daga shekara biyar. Notis na mako ɗaya ko fiye sai a rubuce, saboda haka a rubuta maka da kwanan wata, ka ɗauki hotonsa a waya kafin ka miƙa. Ke nan wanda ya yi wata biyar mako ɗaya ne a kansa, ko ya yi aikinsa ko ya biya kuɗinsa, matuƙar ba a yi yarjejeniyar wa'adin da ya fi haka ba. Kuma albashin da kake bi dole a biya ka kafin wa'adin ya cika ko a ranar cikarsa.

Sannan ka ce masa, ranka ya daɗe, a rubuta min abin da ake bi na ɗaya bayan ɗaya. Kuɗin da ka karɓa tun kafin ka yi aikinsu bashi ne, ka amsa shi ko da babu shaida. Amma sashe na 4 ya hana ubangida ɗora ruwa a kansu. Sashe na 5 kuma ya hana yanke albashi da sunan tara. Ko ɓarna ka yi masa da gangan ko da sakaci, ba zai taɓa albashinka ba sai da rubutaccen izinin jami'in ƙwadago. Kuɗin kwana da na abinci da ba a ambata ranar ɗaukar aiki ba, ba ranar sallama za a ƙirƙiro su ba.

Wani zai ce wannan butulci ne, mutum ya ɗauko ka daga ƙauye, ya ba ka wurin kwana. Alherinsa abin godiya ne, amma ai ba zaman banza ka yi masa ba: ka kwana a ƙofarsa cikin sanyin hunturu, ka ɗauki bulo a rana. Idan kuma alherin ya zama dalilin hana ka tafiya, ya shiga aikin tilas, wanda sashe na 34 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya haramta.

Mataki na gaba, kada ka zauna da shi kai kaɗai. Nemi Sarkin Hausawan wurin ko shugaban ƙungiyarku ya zama shaida. Kada ka dangwala yatsa a takardar da ba a karanta maka ba, kada ka bar katin shaidarka jingina. In ya yi barazanar kiran 'yan sanda, ka sani Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama mutum don saɓa yarjejeniya kawai.

Idan sulhu ya gagara, kai ƙara ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya na jihar da kake aiki. Daga nan sai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda ke da zama a Kano da Abuja da Legas da Fatakwal. In an tsare ka ko an hana ka fita saboda bashi, hukumar NAPTIP mai yaƙi da safarar mutane za ka nema. Ana cewa ina talaka ina kotu, kuma gaskiya ne shari'a tana cin lokaci, damina kuwa ba ta jira. Shi ya sa na sa kotu a ƙarshe, na fifita notis da shaida, domin da su ne ake kashe magana tun a tsakar gida.

Kafin ka kama wani aikin, ɗan'uwa, nemi a rubuta maka albashi da wa'adin notis. Sashe na 7 ya wajabta wa ubangida ya ba ka wannan takarda cikin wata uku da fara aiki.