JINYAR MAI ZAWO DA AMAI: DARASI DOMIN MUTANEN YAURI, NGASKI DA SHANGA

An shirya wannan darasi domin iyaye mata, da masu gida, da masu koyon aikin jinya, da duk wanda Allah ya ɗora wa kula da marar lafiya a garuruwan bakin Kwara da tsibiran Tafkin Kainji. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.

Tun da aka gama madatsar ruwa ta Kainji a 1968, ruwa ya cinye tsofaffin ƙauyuka da dama, aka sake wa mutum fiye da 40,000 mazauni. Ga Gungawa da Kambari da Sarkawa da Hausawan wannan ƙasa, ruwan nan shi ne hanya, shi ne wurin su, shi ne abin ban ruwan gona. Amma a cikinsa kuma a ke wanka da wanki, daga cikinsa a ke ɗiban na sha. Idan damina ta yi ƙarfi, ambaliya ta kan kwaso ƙazantar bayan gari ta zuba a tafki da rijiyoyi, sai zawo ya bazu. Abin takaici ne mutum ya mutu don ƙarancin ruwa a jikinsa, alhali kuwa yana kwance a bakin tafki.

ABIN DA ZAWO KE YI WA JIKI

Fiye da rabin nauyin jikin mutum ruwa ne. Kowace rana hanji ya kan tsotse ruwa da gishiri daga abin da aka ci, ya mayar cikin jini. Idan ƙwayoyin cuta suka shiga hanji sai aikin ya juya, ruwan jiki ya riƙa tsiyaya waje. Wanda ya yi bayan gida mai ruwa-ruwa sau uku ko fiye a yini da kwana, zawo ke nan ya kama shi.

Manomin albasa ya san abin da ke samun shuka idan aka fasa ba ta ruwa da rani: ganye ya yi yaushi, sa'an nan ya kwanta. Haka jikin mutum ya ke. Yawancin waɗanda zawo ya kashe, bushewar jiki ce ta kashe su. Saboda haka babban aikin mai jinya guda ɗaya ne, watau ya mayar wa jiki abin da ya fita, mudu da mudu, har cutar ta wuce.

Mafi tsananin zawo shi ne kwalara, wadda a ke kira amai da gudawa. Ta shigo Nijeriya a 1970. A 2021 an ƙidaya mutum fiye da 100,000 da a ke zaton sun kamu da ita a ƙasar nan, fiye da 3,000 suka rasu, Jihar Kebbi kuwa tana cikin jihohin da ta taɓa. Alamarta bayan gida fari mai yawa, kamar ruwan da aka wanke shinkafa. Tana iya kayar da ƙaton masunci tsakanin asuba da la'asar.

YADDA ZA A GANE RUWAN JIKI YA RAGU

Mai jinya ya duba waɗannan abubuwa a kai a kai:

1. Ƙishirwa mai tsanani, da bushewar baki da harshe.
2. Idanu su zurma, yaro ya yi kuka ba hawaye.
3. Fitsari ya ragu ya yi ja, ko ya ɗauke ɗungum.
4. Maɗigar jariri ta faɗa. Wannan alamar bushewa ce. Shafa mata magani ba ya tayar da ita, ruwa ne ke tayar da ita.
5. A kama fatar ciki da yatsa biyu, a ɗaga, a saki. Ta mai lafiya ta kan koma nan take. Idan aka ƙirga ɗaya, biyu, ba ta koma ba, to bushewa ta yi nisa.

RUWAN GISHIRI DA SUKARI

Masana sun gano cewa ko da hanji yana cikin ciwo, yana iya tsotsar gishiri muddin akwai sukari tare da shi, ruwa kuwa ya kan bi gishiri zuwa cikin jini. A 1971, lokacin yaƙin Bangaladash, kwalara ta ɓarke a sansanin 'yan gudun hijira a Indiya, ledojin ƙarin ruwa kuma ba su isa ba. Wani likita mai suna Dilip Mahalanabis ya sa dangin marasa lafiya su riƙa ba su ruwan gishiri da sukari ta baki. A da, wajen mutum 30 cikin 100 ke mutuwa, sai abin ya koma ƙasa da 4 cikin 100.

Mafi kyau shi ne garin ORS da a ke samu a asibiti da kantin magani. A karanta abin da aka rubuta a jikin ƙunshin, a dama shi duka cikin adadin ruwan da aka faɗa. Yawancinsu na lita ɗaya ne, watau ledar ruwan sha biyu mai rabin lita. Idan babu shi, ga yadda za a haɗa na gida kafin a samo:

Ruwan da aka tafasa ya huce, lita 1.
Sukari, ƙaramin cokalin shayi 6, a shafe bakinsa.
Gishiri, rabin ƙaramin cokali.

A ɗanɗana kafin a ba marar lafiya. Kada gishirinsa ya fi na hawaye, gama gishiri mai yawa yana cutar da yaro, sukari mai yawa kuwa yana ƙara zawo. Don haka ne ba a ba mai zawo lemon kwalba. Abin da ya rage bayan awa 24 a zubar, a haɗa sabo.

YADDA A KE BA DA SHI

Bayan kowane bayan gida, yaron da bai kai shekara 2 ba a ba shi kwata ko rabin babban kofi, watau mililita 50 zuwa 100. Ɗan shekara 2 zuwa 10 a ba shi rabin kofi zuwa kofi guda. Babba ya sha iyakar abin da ya ke so. A ba yaro da cokali, kaɗan-kaɗan, kowane minti ɗaya ko biyu. Idan ya yi amai kada a karaya. A dakata minti 10, a ci gaba a hankali, gama wanda ya zauna a ciki ya fi wanda ya fito.

A asibiti malaman jinya su kan rubuta abin da ya shiga jikin marar lafiya da abin da ya fita. Ana iya yin haka a gida ko ba takarda. A ajiye ƙwarya biyu. Duk sa'ad da ya yi zawo ko amai a jefa tsakuwa a ta hagu, duk sa'ad da ya shanye rabonsa a jefa a ta dama. Idan ta hagu ta fi ta dama, mai jinya ya san ana binsa bashi. A lura kuma da lokacin da ya yi fitsari na ƙarshe, domin malamin asibiti zai tambaya.

ABINCI

Waɗansu su kan hana mai zawo ci da sha wai don ciki ya huta. Kuskure ne babba. Hausawa sun ce da ruwan ciki a kan ja na rijiya. Uwa ta ci gaba da ba da mama, ta ma ƙara. Wanda ya isa cin abinci a ba shi kunu, da shinkafa mai laushi, da romon kifi, da ayaba, kaɗan-kaɗan sau da yawa. Bayan ya warke a ƙara masa ci ɗaya kowace rana har mako biyu.

A 2004 ne Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka ba da shawara a haɗa wa yaro da ƙwayar zinki: miligiram 20 kullum har kwana 10 zuwa 14, jaririn da bai kai wata 6 ba kuwa miligiram 10. Tana rage tsawon ciwon, tana kuma hana shi saurin dawowa. Kada a ba yaro maganin tsayar da zawo, kada kuma a sayi kafso a kasuwa ba da umurnin likita ba. Kada a ce zawon haƙori ne a zauna, gama zawo duk zawo ne.

LOKACIN DA ZA A TAFI ASIBITI

Lalle ne a tashi nan da nan idan aka ga ɗaya daga cikin waɗannan: bayan gida kamar ruwan shinkafa, jini a cikinsa, watau atuni, marar lafiya ya kasa sha, ko yana amayar da kome, ya yi laƙwas ba ya gane mutane, zazzaɓi mai zafi, zawo ya kai kwana uku ba sauƙi, ko kuwa yaro ne mai tamowa. Irin waɗannan suna bukatar ƙarin ruwa ta jijiya ko magani na musamman.

Mutanen tsibirai da ƙauyukan nesa kada su jira sai abu ya ɓaci. A nemi jirgi tun da sauran rana, a nufi asibiti mafi kusa, ko babban asibitin Yelwa. A tafi da ruwan gishiri da sukari a cikin jarka mai tsabta, a riƙa ba shi a hanya muddin yana iya haɗiya. Wanda ya suma kada a ɗura masa kome, a kwantar da shi a kan gefensa.

TSABTAR MAI JINYA

Cutar tana bin hannu zuwa baki. A wanke hannu da sabulu bayan an taɓa marar lafiya, bayan an yi wa yaro tsarki, da kafin a taɓa abinci. A zuba kashi da amai cikin masai, ko a haƙa rami nesa da ruwa a binne. Kada a wanke tufafinsa da shimfiɗarsa a bakin tafki, inda maƙwabta ke ɗiban na sha. A keɓe masa kofinsa da kwanonsa. A tafasa ruwan sha, ko a sa masa kulorin yadda ma'aikatan lafiya suka nuna. Wanda kwalara ta kashe, a nemi shawararsu kafin a yi masa wanka. A kai jarirai rigakafi, gama tun 2022 aka sa ɗigon rigakafin rota, mai kare su daga wani mugun zawo, cikin waɗanda a ke yi wa jariran Nijeriya.

IDAN CIKI YA ƘULLE

Akwai kuma kishiyar zawo, watau taurin bayan gida, wanda ya kan dami tsofaffi da masu ciki da wanda ya daɗe kwance. Maganinsa yawan shan ruwa, da cin ganye irin su zogale da rama, da gwanda, da ɗan motsa jiki. Amma idan ciki ya kumbura yana ciwo ƙwarai, ga amai, ba kashi ba tusa, kada a ba da maganin wankin ciki ko jiƙo. Wataƙila hanji ne ya toshe, ko taifot ya huda shi. A hana shi ci da sha, a kai shi asibiti a ranar.

TAMBAYOYI

1. Mene ne ke kashe yawancin masu zawo?
2. Cokali nawa na sukari da na gishiri a ke sa wa lita ɗaya?
3. Me za a yi idan yaro ya amayar da abin da aka ba shi?
4. Faɗi alamu huɗu da za su sa a nemi jirgi ba da jinkiri ba.

Kowane gida ya ajiye ƙunshin ORS biyu ko uku tun kafin ruwa ya sauka, kowace uwa kuma ta gwada haɗa shi sau ɗaya tun yaranta suna lafiya. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.