Allura a ɗuwawu da shanyewar ƙafar yara: mi ya kamata mu yi?

Damana lokacin masassara ce. Da yaro ya yi zafin jiki, da yawa cikinmu allura muke nema, don muna ganin ta fi ƙwaya ƙarfi. Darasinmu na yau ya shafi wahalar da magani yake kawowa, da abin da dokar ƙasarmu ta tanada idan wahalar ta zama nakasa.

Wahalar magani iri biyu ce: mai wucewa da mai zama. Mu ɗauki kinin. Wanda ya sha shi yakan ji kunnuwansa suna ƙugi, ya ji jiri da tashin zuciya. Wannan yana wucewa kwanaki kaɗan bayan an gama magani. Mu faɗa wa majo, amma kada mu tsai da maganin da kanmu.

Mai zama ita ce abin tsoro. A cikin ɗuwawu akwai wata babbar jijiya, ta fi kowace jijiya ta jikinmu kauri. Daga ƙugu take sauka har yatsun ƙafa, ita ke ba ƙafa umurnin motsi. Idan allura ta soke ta, ko maganin ya zuba kusa da ita, sai ta lalace. Kinin yana da zafi ƙwarai ga nama, ɗuwawun yaro kuma ƙarami ne, balle yaron da tamowa ta rame. Shi ya sa ma'aikacin da ya koyi aiki yake yi wa ƙaramin yaro allura a cinya, babba kuma a sashen sama na ɗuwawu, ta gefen waje. Mai yawo da magani cikin kasuwa bai san wannan ba. Ko ya rantse ya sani, kada mu miƙa masa ɗanmu.

Tun 2011 hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ce artesunat ya fi kinin ga yaro mai masassara mai tsanani. Masassarar da ba ta yi tsanani ba kuwa, ƙwaya ta ishe ta.

Yaya za mu gane jijiya ta taɓu? Yaron da ke tafiya lafiya, bayan allura sai ya ƙi taka ƙafa guda. Ko ya riƙa jan ta, tafin ƙafar yana lilo, takalmi yana faɗuwa bai ji ba. Wasu su ce iska ce, wasu su ce shan inna. A nan ake ɓata wata da watanni wajen turare da tsaga, alhali makonnin farko su ne masu daraja. Mu koma gidan likita nan da nan. Masu aikin motsa gaɓoɓi suna iya hana ƙafar ƙagewa, kuma akwai takalmin da ke riƙe ta. Wasu yara suna warkewa sannu a hankali cikin watanni. Wasu ba su warkewa duka.

Ranar nan da muka koma, mu roƙi a rubuta komi cikin karnen yaro: sunan magani, ranar allura, da ƙafar da ta taɓu. Mu da muka shiga makarantar yaƙi da jahilci, mu karanta da idonmu kafin mu fita. Mu adana karnen cikin leda, nesa da ruwa da gara.

Don mi? Don taimakon gwamnati da takarda yake tafiya. A 1993 aka kafa dokar farko ta kare nakasassu a Nijar. A 2008 ƙasarmu ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙinsu, a 2019 kuma aka yi sabuwar doka. Dokokin sun yi maganar sauƙin kuɗin asibiti, da karatu, da koyon sana'a. Ta 1993 ta keɓe musu kashi 5 cikin 100 na guraben aiki. Ba wanda aka haifa da nakasa kaɗai ake nufi ba. Wanda ta same shi daga baya yana ciki. Amma ƙugin kunne na kwana uku ba nakasa ba ne. Likita ne zai duba, ya shaida a rubuce cewa raunin ya zauna.

Mu faɗa wa juna gaskiya: wannan ba albashi ba ne na ƙarshen wata. Fanshon nakasa na CNSS na ma'aikacin da aka rubuta ne, wanda ake yanke wa kuɗi cikin albashi. Manomi da ɗansa ba su cikin wannan layi. Kuma abin da ke rubuce cikin doka ba kullum yake isa ƙauye da kansa ba, sai an bi shi.

Da takardar likita da takardar haihuwar yaro, mu je ma'aikatar magajin gari mu tambayi mai kula da jin daɗin jama'a. Mu nemi kuma wakilan tarayyar ƙungiyoyin nakasassu ta ƙasa, FNPH, don sun riga mu bin wannan hanya. Idan lokacin shiga lakwal ya yi, mu rubuta yaron tare da tsaransa.