Na'urar da ke Neman Magani

Zancenmu na kimiyya a yau a kan wata na'ura ne wadda aka ɗora wa aikin neman magani.

A da, in masana suna neman sabon magani, sai su yi ta gwada sinadarai ɗaya bayan ɗaya, dubu bisa dubu, ko Allah ya sa a dace. Aikin ya kan ci shekara goma ko fiye, da dukiya mai yawa. Ƙwayar zazzaɓin cizon sauro kuwa ba ta jira. Magungunan da ke kashe ta a da, irin su kulorokwin, yanzu ta gagare su a ƙasashe da yawa.

Don rage wannan wahala, Shaihun Malami Ross King da abokan aikinsa suka ƙera wata na'ura, suka raɗa mata suna Eve, watau Hauwa'u. A shekarar 2015 aka bayyana aikinta, a lokacin tana Jami'ar Manchester a Ingila. Tana da hannuwan ƙarfe masu ɗiba da zubawa, tana kuwa iya gwada sinadarai fiye da 10,000 a yini guda.

Ga yadda a ke gwajin. Aka ɗauki yisti, abin nan da ke kumbura burodi, aka raba shi biyu. Kashi na farko aka sa masa wani ɓangare na halittar ƙwayar zazzaɓi, na biyu aka sa masa takwaransa na jikin mutum. Sinadarin da ya hana na farko girma, ya ƙyale na biyu, shi ne abin nema.

Abin mamaki shi ne na'urar tana koyo. In ta gwada wasu, sai kwamfutarta ta lura da siffar waɗanda suka yi aiki, ta zaɓi waɗanda ya kamata a gwada gaba, ba tare da mutum ya faɗa mata ba.

A 2018 masanan Jami'ar Cambridge suka ba da labari cewa, da taimakon Eve, an gane triclosan, wanda a lokacin aka daɗe ana sa shi cikin man goge baki, yana hana ƙwayar zazzaɓi girma, har da wadda ta gagari maganin pyrimethamine.

Amma fa a lura: a ɗakin gwaji aka ga wannan. Man goge baki ba maganin zazzaɓi ba ne. Na'ura ta nuna hanya kurum, sai likitoci sun gwada a jikin mutane sa'an nan a amince. Wanda zazzaɓi ya kama, ya nufi asibiti.